Yadda Ake Auna Ƙarfin Ma'aikata da Lissafin Masu Nazarin Yaƙi

Idan aka tambayi mai kamfani ƙarfin ma'aikatansa, yawanci da adadi yake amsawa: mutum arba'in a wannan reshe, ashirin a wancan. Sojoji sun daɗe da gane cewa wannan amsa ba ta wadatar ba, domin sau da yawa runduna mai yawa ta sha kashi a hannun wadda ba ta kai ta ba, kuma da yake kuskuren ƙiyasi a wurinsu rayuka yake ci, sun shafe sama da shekara ɗari suna neman hanyar lissafa ƙarfin runduna tun kafin a gwabza. Daga wannan nema aka samu ƙa'idodin injiniyan Ingila Frederick Lanchester, da binciken masana kimiyyar da suka yi wa sojojin Birtaniya da Amurka aiki a Yaƙin Duniya na Biyu, da tsarin lissafin Kanar Trevor Dupuy na Amurka. Tambayar da suke ƙoƙarin amsawa ita ce tambayar kowane manaja: da mutanen da ke hannuna, da kayan aikin da suke da su, a halin da suke ciki, me ya kamata su iya yi, kuma me ya sa abin da suka yi ya zarce haka ko ya gaza?

Abu guda ya kamata a daidaita tun farko. A wannan aro na lissafin soja zuwa harkar kamfani, abokin gaba shi ne tarin aikin da ke jiran a yi shi, ko kamfanin da ake gasa da shi a kasuwa. Ma'aikaci da mai saye ba sa cikin wannan sahu. Manajan da ya kwaso kalmomin soja yana yi wa mutanensa tsawa da su hayaniya kawai ya aro, ya bar lissafin, alhali lissafin ake so. Domin bayanin ya zauna, za a bi misalin wani kamfani na ƙirƙira da ke rarraba kayan masarufi ga shaguna, mai rassa biyu da wakilan talla. Alkaluman misalin na koyarwa ne, kowa zai maye gurbinsu da nasa.

Mataki na farko: a tsayar da abin da za a kira nasara

Duk lissafin da zai biyo baya a kan wannan ma'auni zai hau, saboda haka idan ya karkace, sauran ma sun karkace. Robert McNamara ya yi aikin alkaluma a rundunar sojan saman Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kai fasahar kamfanin motoci na Ford har ya zama shugabansa a 1960, sannan ya riƙe ma'aikatar tsaron Amurka daga 1961 zuwa 1968. A yaƙin Biyetnam, ma'aunin da aka fi dogara da shi a zamaninsa shi ne yawan gawarwakin abokan gaba, saboda ya fi sauƙin ƙirgawa. Kwamandoji suka gane abin da ake so su kawo, adadi ya riƙa kumbura, rahotanni suna nuna ana samun galaba alhali yaƙin yana suɓucewa.

Akwai kuma darasi daga ɓangaren Birtaniya. Rundunar jiragen saman da ke farautar jiragen ƙarƙashin teku na Jamus tana auna kanta da yawan jiragen da ke tsaye lafiya a shirye. Masanin kimiyya Cecil Gordon ya nuna cewa hanya mafi sauƙi ta cika wannan ma'auni ita ce a rage tashi da jiragen, tunda jirgin da bai tashi ba ba ya lalacewa. Abin da ya cancanci ƙirgawa shi ne sa'o'in da aka yi a sama ana sintiri gwargwadon makanikan da ake da su, kuma da aka koma ga wannan, sa'o'in tashi suka ƙaru ba tare da an ƙara jirage ba.

Don haka, duk ma'aunin da aka kawo a yi masa tambaya ɗaya: idan ma'aikaci ya so ya cika shi ba tare da ya amfani kamfani ba, yaya zai yi? Wakilin tallan da ake auna shi da yawan kayan da ya fitar daga sito zai zuba wa masu shago kaya bashi, kuɗin kamfani ya maƙale a waje. Wanda ake auna shi da yawan shagunan da ya ziyarta zai gaisa ya wuce. A kamfaninmu na misali, ma'aunin shi ne odar da aka kai cikakkiya, a kan lokaci, kuma kuɗinta ya shigo. Ma'auni ɗaya babba ya isa, sai a haɗa shi da wani ƙarami da zai tsare shi, kamar yawan kayan da aka dawo da su.

Mataki na biyu: a tattara tarihin abin da ya riga ya faru

Dupuy masanin tarihi ne, kuma daga tarihi ya gina tsarinsa. Shi da abokan aikinsa sun fara da karo 60 da aka yi a Italiya a 1943 da 1944, suka rubuta wa kowane karo yawan sojoji, da makamai, da yanayin ƙasa, da yanayin sama, da wanda ya kai hari da wanda ya kare, da asarar da kowa ya yi. A kamfani, kwatankwacin karo ɗaya shi ne aikin reshe ɗaya na wata ɗaya, ko kwangila ɗaya daga farkonta zuwa ƙarshenta. A haɗa na shekara ɗaya aƙalla, in da hali biyu, domin azumi da salla da damina da lokacin girbi duk su shigo cikin lissafin. Kowane layi ya ƙunshi yawan ma'aikata da tsawon zamansu, da motocin da suka yi aiki, da kwanakin da aka rasa, da sakamakon da aka samu bisa ma'aunin da aka tsayar.

A nan ake faɗawa wani rami. A 1943 Abraham Wald, masanin lissafi da ke aiki da wata ƙungiyar bincike a Jami'ar Columbia, ya yi nazarin ramukan harsashi a jikin jiragen da suka dawo daga kai hari. Abin da ya lura da shi shi ne jiragen da ake dubawa waɗanda suka tsira ne, don haka wuraren da ba a cika ganin rami a jikinsu ba su ne wuraren da idan an harbi jirgi ba ya dawowa. Kamfanin da ya tattara bayanan ma'aikatan da ke nan da masu sayen da ke nan kaɗai yana duba jiragen da suka dawo ne. A nemo takardun reshen da aka rufe, da sunayen shagunan da suka daina yin oda, da dalilan waɗanda suka ajiye aiki, ko da sai an bi su an tambaye su cikin mutunci.

Mataki na uku: a mayar da adadin kawuna zuwa ƙarfi na zahiri

Dupuy bai ɗauki bindiga da igwa da tanka a matsayin abu ɗaya ba. Kowane makami ya ba shi maki gwargwadon ɓarnar da zai iya yi, ya tara makin ya samu ƙarfin runduna a takarda. Haka za a yi wa ma'aikata. A ɗauki abin da ƙwararren ma'aikaci yake yi a wata a matsayin 1, sannan a duba tarihin da aka tattara a ga kashi nawa na wannan matsakaici yake yi, kashi nawa sabon shiga yake yi. A ce an samu 0.7 ga matsakaici, 0.4 ga sabon shiga.

Reshe na ɗaya yana da mutum 20: ƙwararru 8, matsakaita 8, sababbi 4. Ƙarfinsa shi ne 8 da 5.6 da 1.6, wato 15.2. Reshe na biyu shi ma mutum 20 ne, amma ƙwararru 4, matsakaita 6, sababbi 10, wanda ya ba da 4 da 4.2 da 4, wato 12.2. A takardar albashi rassan kai ɗaya suke, a fagen aiki kuwa akwai tazarar ƙwararru uku tsakaninsu.

Masu dafa baya, wato akawu da mai sito da makanike, ba a saka su cikin wannan jimla, domin tasirinsu zai bayyana a mataki na gaba. Sojoji ma sukan raba masu fagen daga da masu kai musu abinci da mai da harsashi, kuma sun san cewa rundunar da aka datse wa hanyar kayan aiki ta gama yawo komai jarumtarta. Ina faɗar wannan ne saboda idan aka zo rage kashe kuɗi, waɗannan mutane aka fi fara sallama, sai bayan wata biyu a ga motoci uku a kwance babu mai gyara.

Mataki na huɗu: a saka yanayin da ake aiki a cikinsa

Runduna ɗaya ba ta da ƙarfi ɗaya a fili da cikin duwatsu, ko da rani da cikin ruwan sama, shi ya sa Dupuy yake ninka ƙarfin takarda da lambobin da ke wakiltar ƙasa, da yanayi, da matsayin hari ko kariya. A kamfani, waɗannan su ne abubuwan da ke hana ma'aikaci aiki ba da laifinsa ba: ɗaukewar wuta da sabis na intanet, ƙarancin motoci, lalacewar hanya, yankewar kaya a sito. Kowanne a ba shi lamba, inda 1 ke nufin babu cikas, 0.9 ke nufin yana cin kashi goma cikin ɗari na lokacin aiki. Daga rubutaccen abu za a ciro lambar, kamar littafin mai gadi da ke nuna lokacin fita da dawowar motoci, ko littafin janareta. Ra'ayin manaja ba hujja ba ne a nan, tunda kowane manaja yana ganin nasa reshen ya fi shan wahala.

Ninka lambobin ake yi, domin kowane cikas yana ci ne daga abin da na baya ya rage. Reshe na ɗaya ya samu 0.9 a wuta, 1 a motoci, 0.9 a hanya, jimlar ninkin 0.81, idan aka ninka 15.2 da shi za a samu kusan 12.3. Reshe na biyu ya samu 0.8 a wuta, 0.9 a motoci, 1 a hanya, wato 0.72; ƙarfinsa ya koma kusan 8.8. Kada lambobin su wuce huɗu ko biyar. Idan suka yi yawa, mutum yana iya murɗa su har su ba shi duk amsar da yake so.

Mataki na biyar: a fitar da nagartar da ba ta ƙirguwa

A nan ne tsarin ke biyan wahalar da aka sha. Bayan Dupuy ya lissafa makamai da yanayi, ya kwatanta abin da lissafi ya ce zai faru da abin da ya faru a zahiri, sai ya ga akwai saura da ba ya ɓacewa. Sauran nan ya danganta shi da horo, da jagoranci, da haɗin kai, da ƙwarewa. A lissafinsa, sojan ƙasa na Jamus 100 a Yaƙin Duniya na Biyu sun yi daidai da kusan 120 na Amurka ko Birtaniya. An yi ta jayayya a kan wannan sakamako, wasu masana suna cewa makin da ya bai wa wasu abubuwa hukuncin kansa ne, kuma wannan suka tana da tushe. Amma dabarar kanta, wato a cire abin da ake iya ƙirgawa domin a ga abin da ya rage, ta tsaya da ƙafafunta.

A ce reshe na ɗaya yana kai oda 1,230 a wata, na biyu yana kai 1,060. Wanda ya raba da adadin kawuna zai samu 61.5 ga kowane mutum a na ɗaya, 53 a na biyu, ya yaba wa manajan na ɗaya, ya aika wa na biyu takardar gargaɗi. Idan aka raba da ƙarfi na zahiri kuwa, na ɗaya ya ba da 100, na biyu ya ba da kusan 120. Reshen da ake ganin yana baya, da sababbin yara da ƙarancin wuta, yana fitar da abin da ya fi na ɗayan da kashi 20 cikin ɗari gwargwadon ƙarfinsa.

Lambar ba ta faɗin dalili, wurin da za a je a duba kawai take nunawa. Sai an je an kwana biyu a reshen za a ga, misali, cewa manajansu yana sa a yi lodi tun da yamma a jera rasit bisa tsarin hanya, direbobi su fita bayan sallar asuba kafin cunkoso, kuma kowane sabon yaro an haɗa shi da tsohon hannu guda da yake bi. Irin wannan ake ɗauka a kai ɗaya reshen. A kuma tuna cewa duk kuskuren da aka yi a matakan baya a cikin wannan saura yake taruwa, don haka sakamakon wata ɗaya ba abin kamawa ba ne. Sai an ga bambancin ya nace wata shida ko fiye, kuma ya wuce kashi goma cikin ɗari, sannan a gina hukunci a kansa.

Mataki na shida: a gane irin fafatawar, sannan a tara ƙarfi wuri ɗaya

Lanchester, wanda ya yi suna a ƙera motoci da nazarin tashin jirgin sama, ya wallafa ƙa'idodinsa biyu a 1916. Ta farko ta shafi faɗan da ake yi ɗaya da ɗaya, irin na takobi, inda mutum ba ya iya kai wa fiye da wanda ke gabansa. A nan ƙarfi yana tafiya daidai da adadi, mutum 10 suka kara da 6 masu ƙwarewa ɗaya, 4 za su rage. Ta biyu ta shafi faɗan bindiga, inda mutane da yawa za su iya haɗa wuta a kan mutum ɗaya. A nan ana ninka adadi sau kansa, 10 ya zama 100, 6 ya zama 36, bambancin 64, wanda shi ne 8 sau 8, don haka mutum 8 za su rage. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma ƙa'ida ta biyu ta faɗi ko da nawa ya fi shi: wanda aka ninka shi a adadi sai ya ninka abokin karawarsa sau huɗu a ƙwarewa kafin su yi kunnen doki.

Abin da ya fi amfani ga ƙarami shi ne yadda lissafin ke juyawa idan babba ya rarrabu. Runduna mai 50,000 za ta yi daidai da mai 70,000 idan ta same ta a kashi biyu, 40,000 sannan 30,000, domin 50 sau 50 daidai yake da 40 sau 40 haɗe da 30 sau 30. Lanchester ya kawo yaƙin Trafalgar na 1805 a matsayin hujja, inda Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya, da jiragen ruwa 27 ya datse layin jirage 33 na Faransa da Sifaniya, ya taru a kan wani ɓangare kafin sauran su juyo. A Japan, Nobuo Taoka ya mayar da wannan tunani dabarar talla tun farkon shekarun 1970, yana koya wa ƙananan kamfanoni su zaɓi yanki ƙarami ko kaya guda su zama na ɗaya a cikinsa kafin su faɗaɗa. Mabiyansa suna ambaton kashi 26.1 da 41.7 da 73.9 cikin ɗari na kasuwa a matsayin matakan kafuwa, da rinjaye, da mamaya. A ganina alamomin hanya ne masu amfani, bai kamata a riƙe su kamar doka ba.

A kamfaninmu, a ce wakilan talla 12 ne a yankuna 6, biyu a kowanne, abokin gasa kuma yana da 18, uku a kowanne. Idan ƙa'ida ta biyu ke aiki, a ko'ina 4 ne a kan 9, an sha kashi a wuri shida a lokaci ɗaya. Idan aka zuba mutum 5 a kowanne daga yankuna biyu, aka bar mutum 2 su riƙe manyan masu saye na sauran yankunan ta waya, lissafin ya koma 25 a kan 9 a wuraren da aka zaɓa. Mai shago zai riƙa ganin wakilinmu sau biyu a mako, kayansa na zuwa washegari, maƙwabcinsa ya gani ya tambaya. Za a yi asara a yankunan da aka sassauta, kuma wajibi ne a lissafa ta a gaya wa masu kamfani tun kafin a fara.

Sai dai ƙa'ida ta biyu ba ta hawa kowane aiki, kuma nan aka fi yin ɓarna da sunan Lanchester. Ko a yaƙi, lissafin da mai bincike J. H. Engel ya yi a 1954 ya dace da alkaluman yaƙin Iwo Jima tsakanin Amurka da Japan, amma da aka gwada ƙa'idar a kan bayanan karon Kursk da na Ardennes na Yaƙin Duniya na Biyu ba ta dace sosai ba. Tambayar da za a yi ita ce: ƙoƙarin mutane da yawa yana iya haɗuwa a kan manufa ɗaya ya ƙarfafa juna? A talla cikin unguwa ɗaya yana iya yi. A aikin mai karɓar kuɗi ko tela a kan kekensa, kowa nasa yake yi, ƙa'ida ta farko ce. Akwai ma aikin da ƙarin mutane ke rage masa sauri. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin kwamfuta a IBM, ya bayyana a 1975 cewa ƙara mutane ga aikin manhaja da ya makara ƙara masa makara yake yi. Mutum 5 hanyoyin magana 10 ne tsakaninsu, mutum 10 suna da 45, mutum 20 suna da 190, ga kuma lokacin da tsofaffi za su ɓata suna koya wa sababbi. Hanyar tantancewa ita ce gwaji: a ninka mutane a yanki ɗaya na wata uku, a bar wani mai kama da shi yadda yake, a ga ko sakamakon ya wuce ninki, ko ya tsaya a ninki, ko bai kai ba.

Mataki na bakwai: a lissafa zaizayewa

Kowane kwamanda yana sanin saurin da rundunarsa ke raguwa da saurin da ake cike masa gurbi. Reshe mai mutum 20 da ke rasa mutum ɗaya kowane wata yana sauya kashi 60 cikin ɗari na mutanensa a shekara, ko da yake a takarda kullum 20 ne. Idan ƙwararre ya tafi aka kawo sabo, an rasa 0.6 nan take, an kuma rasa wani abu daga lokacin wanda zai koya masa, kuma giɓin zai daɗe gwargwadon watannin da sabon zai yi kafin ya goge. A mayar da wannan giɓi zuwa odar da aka rasa, sannan zuwa naira, a ajiye shi kusa da kuɗin ƙarin albashi ko kamashon da zai iya riƙe mutumin. Sau da yawa wannan kwatanci kaɗai ya isa ya sauya shawara.

Yadda ake cike gurbi ma yana da tasiri. Sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu da Biyetnam sun riƙa tura sababbi ɗaya-ɗaya cikin rukunonin da ba su san kowa ba, kuma an soki wannan tsari saboda yadda yake raunana amana tsakanin mutanen da rayuwarsu ta dogara ga juna. Binciken da Edward Shils da Morris Janowitz suka wallafa a 1948 kan sojan Jamus ya jaddada cewa abin da ya fi riƙe soja a fage shi ne ƙaramin rukunin da yake ci yake kwana da su. Saboda haka a guji yawan wargaza direba da yaron motarsa, ko wakili da yankin da ya saba da mutanensa, sai da dalili mai ƙarfi. A kuma saka gajiya cikin lissafi: idan kurakurai da rashin lafiya suna hawa bayan makonnin ƙarin lokaci, to ƙarfin da ake zaton an samu aro ne daga watan gobe.

Mataki na takwas: a auna tsawon lokacin yanke shawara

Kanar John Boyd na sojan saman Amurka ya yi nazarin dalilin da ya sa jirgin yaƙin Amurka F-86 ya yi galaba a kan MiG-15 ƙirar Tarayyar Sobiyet a yaƙin Koriya, alhali MiG ya fi shi saurin hawa sama. Bayaninsa shi ne matuƙin F-86 ya fi ganin abin da ke kewaye da shi, kuma jirginsa ya fi saurin sauyawa daga wannan motsi zuwa wancan. Daga nan ya fitar da zagaye mai gaɓa huɗu: lura, fahimta, yanke shawara, aiwatarwa. A ɗauki al'amura goma na baya-bayan nan, kamar ranar da abokin gasa ya karya farashi ko babban mai saye ya kawo kuka, a rubuta ranar da aka sani, da ranar da labarin ya kai ga mai iko, da ranar da ya yanke, da ranar da aka aiwatar. Galibi za a tarar kwanakin sun tafi ne wajen jiran sa hannu. Maganinsa shi ne a bayyana wa na ƙasa manufa da iyaka, kamar ragin da zai iya bayarwa da kansa, a bar masa zaɓin hanya, wanda shi ne salon jagorancin da sojan Prussia, tsohuwar daular Jamus, suka yi suna da shi tun zamanin babban hafsansu Moltke.

Mataki na tara: bitar bayan aiki da sabunta lambobi

Tun daga shekarun 1970 sojan ƙasa na Amurka suka ɗauki al'adar zama bayan kowane atisaye, al'adar da ta kafu sosai a cibiyar horo ta Fort Irwin a Kalifoniya. Tambayoyi huɗu ake yi: me aka yi niyyar yi, me ya faru, me ya kawo bambancin, me za a riƙe me za a gyara. Ana yin zaman nan da nan, da waɗanda suka yi aikin da hannunsu, kuma ana ajiye muƙami a bakin ƙofa. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya a wurin da yaro ba ya musa wa babba a gaban jama'a, don haka mai jagorantar zaman ya fara da tambayar mafi ƙanƙanta, manaja ya yi magana a ƙarshe, kuma ya fara da abin da ya gaza daga ɓangarensa. Minti ashirin zuwa talatin sun isa. A raba zaman da batun ladabtarwa gaba ɗaya, domin ranar da aka hukunta wani bisa abin da ya faɗa a wurin, daga ranar kowa zai riƙa cewa komai ya tafi daidai.

Abin da ya fito daga waɗannan zama shi ne zai gyara lambobin. Kowane wata uku, kafin watan ya shiga, a rubuta hasashen abin da kowane reshe zai fitar, a rufe, a buɗe bayan an samu sakamako. Inda hasashen ya kauce da fiye da kashi goma cikin ɗari sau biyu a jere, a koma a duba makin ƙwarewa da na yanayi, a sauya lamba ɗaya a lokaci guda domin a san wadda ta kawo gyaran. Ma'aunin nagarta kuma a bar shi a matakin reshe ko rukuni. Idan aka saukar da shi kan mutum ɗaya, ko aka ɗaura shi kai tsaye da albashi, bayanan sun yi kaɗan su ɗauki hukuncin, kuma masu cike littattafan da ake ciro lambobin daga ciki za su fara rubuta abin da zai amfane su.